Amsa ga uwar da fitsari bai daina zubo wa ɗanta ba

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce an haife shi da mafitsara a waje, an rufe ta yana jariri, yanzu shekararsa 5 amma fitsari na zuba dare da rana, kina tambaya wane aiki ya rage. Ɗana ma haka ya zo.

Aikin farko rufewa ne kawai, ba shi ke tsayar da fitsari ba. Kafin kowane aiki na biyu, ki nemi a yi masa eko na ƙoda, a kuma auna yawan fitsarin da mafitsarar ke ɗauka. Idan tana ɗaukar kamar mililita 100, kuma yaro ya san yana son ya bar kunzugu, ana tsuke wuyan mafitsara don ta riƙe. Wasu na dacewa su yi fitsari da kansu, amma da yawa sai da robar fitsari, wato siririyar roba da ake zurawa a zuƙe fitsarin.

Mafitsarar ɗana ƙarama ce ƙwarai, sai aka faɗaɗa ta da ɗan yankin hanji. Sannan aka yi masa aikin Mitrofanoff, sunan likitan Faransa da ya fito da dabarar a 1980: ana ɗaukar apandis ɗin yaro, wato ɗan ƙaramin reshen hanji, a mai da shi siririyar hanya daga mafitsara zuwa cibiya. Ta nan yake zura roba duk awa 3 zuwa 4. Babu zafi, kuma yau da kansa yake yi, yana zuwa lakwal wandonsa a bushe.

Amma ki sani aikin nan da hidima. Hanji ba ya daina fitar da majina, dole a riƙa wanke mafitsara kullum, in ba haka ba tsakuwa ta taru. Mantawa da roba kuma haɗari ne, mafitsarar na iya fashewa. A nan Maraɗi abin da ya fi ba ni wuya shi ne samun roba daidai girman yaro a farmasi, shi ya sa nake sayowa da yawa in ajiye. Lokacin bazara kuma ina matsa masa da shan ruwa.

Akwai wani aikin da ake karkata fitsari cikin babban hanji, ya fita ta dubura. Ba ya buƙatar roba, don haka wasu iyaye na karkara suka fi son sa, sai dai yana kawo ciwon ƙoda, yana ɓata gishirin jini, ga haɗarin ciwon daji bayan shekaru. Ni ba zan zaɓe shi ba sai in babu mai bin yaro da roba.

Ki nemi likitan tiyatar yara wanda ya saba da irin wannan, a Yamai ko Kano, ku tafi tare da maigida. Ki tambaye shi sau nawa ya yi aikin, kuma wa zai riƙa duba ƙodar yaro bayan kun dawo gida.