Filin Tambaya da Amsa: Motar Mahaifinmu Ta Shekara Shida a Ajiye

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mota ƙirar Peugeot 406, wadda aka yi karo da ita tun yana raye, gabanta ya lotse, lagireto ya fashe. An jawo ta gida aka ajiye a gindin darbejiya da niyyar gyara, har Allah ya yi masa cikawa ba a taɓa ta ba, yau fiye da shekara shida ke nan. Wani makanike ya ce zai iya tayar da ita, 'yan gwangwan kuma kullum suna taya ta, Hajiyarmu ba ta son a rabu da ita, ƙannena kuwa rabonsu suke so. Mu gyara, mu sayar a yadda take, ko mu ba 'yan gwangwan? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya albarkaci bayansa. Kafin a kira makanike, a tuna cewa motar nan dukiyar magada ce, saboda haka babu wanda zai yanke hukunci a kanta shi kaɗai, ko da shi ne babban wa. Idan akwai wanda yake son ta zama tasa, hanya mafi tsafta ita ce a yi mata kuɗi a yadda take a yau, a gaban kowa, a cire daga rabonsa, sannan ya gyara da aljihunsa. Gyara da kuɗin mutum ɗaya alhali motar ta kowa ce, shi ke haifar da rigimar da takan kai 'yan'uwa gaban alƙali.

Abin da zai raba gardama a kan gyara abu biyu ne, shasi da inji, kuma ana iya duba su duka ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. A nemo fanalbita wanda ba shi ake sa ran ba aikin ba, ya cire bamba ya duba ƙafafun shasin gaba, wato ƙarfuna biyun da inji ke zaune a tsakaninsu. 406 ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura. Gangar jikinta ita ce shasinta, don haka idan karon ya lanƙwasa waɗannan ƙarfuna, ko an ja su da sarƙa an gasa da wuta, ƙarfen ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Motar za ta riƙa ja gefe ɗaya, tana cin taya, kuma ranar da aka sake karo ba za ta kare na cikinta yadda aka ƙera ta ta yi ba. A kuma ɗaga kafet a duba daɓen motar, domin ganyen darbejiya yakan toshe magudanun ruwa da ke ƙasan gilashin gaba, ruwan damina shida ya taru a ciki, tsatsa ta ci daga inda ido ba ya gani.

Game da inji, ina roƙonku kada ku bari kowa ya kawo batir ya ce bari a gwada a ji. Wannan gwajin ya kashe injuna masu lafiya da yawa. Baƙin mai ya riga ya gangara ƙasa ya bar ƙarfe a bushe, fetur ɗin da ke tanki ya lalace ya zama danƙo wanda zai toshe famfon mai da nozul, bel ɗin taimin kuma roba ne da ke tsufa ko ba a tuƙa motar ba, kuma a injin 406 idan ya tsinke ana cikin aiki, fistin kan daki bawul. Abin da makaniken kirki zai yi shi ne ya cire fulogi, ya zuba ɗan mai a kowane rami, ya bar shi ya kwana, sannan ya juya injin da sifana da hannu. Idan ya juya sumul, akwai fata. Idan ya ƙi motsi, tsatsa ta kama fistin, sai dai a sauke inji ko a sayo na Beljiyam, wanda shi ma ba a san tarihinsa ba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. A tambayi waɗanda suka shaida haɗarin ko an ci gaba da tuƙa motar bayan lagireto ya fashe, domin idan injin ya yi zafi babu ruwa, wataƙila gasket ta ƙone tun a ranar.

Ko da waɗannan biyun sun fita lafiya, akwai kashe-kashen da babu makawa: batir, tayoyi huɗu, birki da mansa, robobin ruwa, wanke tanki, lagireto, fitilu, fenti, da aikin rewaya, saboda ɓeraye ba sa barin wayoyin motar da ta daɗe a ajiye. Kada zanen taya ya ruɗe ku. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Sai sabunta takardu da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. A rubuta duka, a je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ji farashin kaya da kunne, sannan a ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku a kan jimillar, domin ƙiyasin farko na makanike ba ya haɗawa da abin da bai gani ba tukuna. Sa'ar da kuka yi ita ce an haɗa 406 a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975, don haka kayanta da masu sanin ta ba su yi wuya a Arewa ba.

Ra'ayina shi ne, idan shasi a miƙe yake, inji yana juyawa, kuma ɗayanku ne zai hau, gyara yana da ma'ana muddin jimillar ba ta haura rabin kuɗin irinta mai lafiya a kasuwa ba. Amma gyara don a sayar da wuya ya biya, saboda dillali ba ya mayar maka da kuɗin sabon lagireto, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 masu saye sun fi karkata ga ƙananan motoci masu tsimin mai. A wannan hali gara a sayar da ita a yadda take ga makanike ko direban da zai gyara da hannunsa, a faɗa masa aibinta duka, kamar yadda shari'a ta wajabta wa mai sayarwa.

Idan kuwa shasi ya tafi, 'yan gwangwan su zama na ƙarshe. Su awon ƙarfe suke saye, alhali giya, ƙofofi, gilasai, kujeru, kwamfutar inji da tukunyar salansa da ake kira indomi, idan tana da ita, kowanne yana da kuɗinsa a wajen masu sayar da kayan gyara. A kira biyu ko uku su taya ta ɗungurungum, domin sayarwa ɗaiɗai takan bar muku ƙwarangwal a ƙofar gida.

Hajiya kuma a zauna da ita a nuna mata abin da fanalbita ya gani, a ba ta lokaci. Duk wanda ya saya, a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi da ta inji, da sa hannun magada da shaidu biyu, ku riƙe kwafi. Idan yanka ta za a yi, a cire lambar motar a riƙe takardunta, domin kada a liƙa su a jikin wata motar da ba ku san asalinta ba.