Kafin ka ce wa Alhaji ya sayi gidan hayar nan

Yaron aikina ya ce: "Maigida, wani Alhaji ya ce in duba masa gidan haya a unguwar Zariya ta Maraɗi, ƙofa huɗu, kowace ciki da falo. Sefa miliyan 12 ake nema. Me zan duba?"

To ɗana, fara da takarda kafin ka taɓa bango. A nuna maka takardar filin ta asali wadda ma'aikatar magajin gari ta bayar, ka ga sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, lambar fili kuma ta yi daidai da wurin da kake tsaye. In gidan gado ne, kowane magaji sai ya sa hannu. Ɗaya tak da ke Kano ko Agadas ya isa ya tayar da cinikin bayan shekara biyar.

Sannan lissafi. A ce kowace ƙofa jaka 20 (sefa dubu 20) ce a wata, jaka 80 ke nan. Kada ka ninka da 12, ninka da 10: wata guda na ɗakin da zai zauna babu kowa ko ɗan hayar da ya maƙale, wata guda na gyara da haraji. Jaka 800 a shekara, wato shekara 15 kafin miliyan 12 ta dawo. Ni a ganina ya yi tsada, sai dai in darajar filin Alhaji yake hange.

Abin da ke cinye gidan haya a Maraɗi ruwa ne. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tayar da garin nan zuwa tudu, kuma har yau gidan da ke kwari wahala ne. In da hali, je ka gan shi a Agusta, kashegarin ruwan sama. In rani ne, duba gindin bango: sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa ɓoyon laima ne. Ƙwanƙwasa shafen da bayan cokalin gini, in ya yi amon ganga ya rabu da bulo. Karce bulon da ƙusa. In yana zuba kamar gari, an ja buhun siminti ya fitar da bulo 50, alhali bai kamata bulo mai kaurin santimita 15 ya wuce kamar 35 a buhu ba. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, tushe ne ke zama, shafe ba ya maganinta.

Hau sama da tsani da kanka. Rufin da aka ɓoye kwanonsa bayan bango yana da kyan gani daga titi, amma leda da rairayi na toshe indararo, ruwa ya taru ya bi bango ya sauka ɗaki. Mai gida ba ya sani sai silin ya yi ciki.

Gologo, wato ramin ruwan datti, da ramin masai su yi nesa da tushe aƙalla mita 3, kuma motar kwasa ta iya kusantar su. Iyali huɗu ba iyali ɗaya ba ne, ramin da aka haƙa wa mutum shida ba zai ɗauki ashirin ba.

Wuta kuwa, kowace ƙofa da kwantarta, wato mitar wuta ta kamfanin lantarki na NIGELEC, ko aƙalla ƙaramar kwanta a ciki. In guda ce, mai firij da mai fanka ɗaya za su yi ta rigima, a ƙarshe a yanke, bashin ya hau kan mai gida. Ranar da ɗan haya zai shiga, a rubuta lambar da kwanta ta nuna, da yawan makullai, da kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu, shaidu biyu su sa hannu. Kuɗin ajiyar nan ba na haya ba ne, kada a bari ya zaunar da shi a watan fita, don da shi za a canja kuba da famfon da ya lalace.