Amsa: Shin na'urar karatu tana kai rahoton abin da nake karantawa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne na'urorin karatu irin su Kindle suna tattara bayanan mai karatu. Gaskiya ne, kuma ba a ɓoye suke yi ba, yana cikin dogon sharaɗin nan da ake amincewa da shi ba a karanta ba.

Duba dai: ka tsaya a shafi na 80 a Kindle, ka buɗe littafin a waya, sai ga ka a shafi na 80. Wa ya gaya wa wayar? Kwamfutocin Amazon ne, kamfanin da ke yin Kindle, ta tsarinsa na daidaita karatu tsakanin na'urori mai suna Whispersync. Jimlar da ka ja wa layi da ɗan bayanin da ka rubuta a gefe, su ma suna can a ajiye cikin asusunka. Wannan ne ya fi damuna wallahi, domin abin da mutum ya ja wa layi a littafin addini, ko na wata cuta da yake fama da ita, sirrinsa ne.

An kuma taɓa gani. A 2014 aka gano manhajar karanta littattafai ta Adobe Digital Editions tana aika bayanan karatun mutane zuwa kamfanin Adobe ba tare da an kulle su ba. A 2009 kuwa Amazon ta goge wani littafi mai suna 1984 daga na'urorin wasu da suka saya, daga nesa.

Shawarata, ka kashe Whispersync, ka bar na'urar a yanayin jirgin sama, ka riƙa zuba littattafai ta kebul daga kwamfuta da Calibre, manhajar tsara littattafai. Sai dai ka sani, ranar da ka kunna intanet, abin da ya taru yana iya tafiya.