Amsa ga mai tambaya kan gajeriyar addu'a

Ɗan'uwa, ka ce addu'arka ba ta kai minti 2, kana jin kunya in dattawa suka yi doguwa a majami'a. Kwantar da hankalinka. A Luka 18:13-14 mai karɓar haraji jimla ɗaya ya faɗa, ya koma gida baratacce.

Da sassafe, kafin kabu-kabun Maradi su cika titi, shiga ɗaki ka rufe ƙofa (Matiyu 6:6), wayar ma a kashe. Karanta ayoyi 3, ka gode, sannan ka kira zunubin da sunansa. "Gafarta mini kurakuraina" kawai ɓoyewa ce. Roƙonka ma haka: kuɗin haya ne, ce kuɗin haya.

Abin da ke ɓata addu'a, aron bakin fasto, don hankali kan koma ga tsara kalmomi. In kuma kana riƙe da wani a zuci, yafe masa tukuna, Markus 11:25.