Shin gwamnati ce ta rusa kasuwar gidajen Amurka a 2008?

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa gwamnatin Amurka ce ta jawo rushewar kasuwar gidaje a 2008, domin ta tilasta wa bankuna su ba talakawa bashin da ba za su iya biya ba. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa: Gwamnati tana da hannu, malam, amma ba a inda ake yawan ɗora mata laifi ba. Dokar da masu wannan magana suke nufi ita ce ta 1977, wadda ta buƙaci bankuna su riƙa ba da rance a unguwannin da suke karɓar ajiyar jama'a, har da na masu ƙaramin ƙarfi. Ta shekara kusan talatin tana aiki kafin rikicin, kuma kamfanoni irin su New Century, waɗanda suka fi kowa raba munanan basussuka, ba bankunan ajiya ba ne, saboda haka dokar ba ta ma shafe su ba.

Dubi yadda abin yake a ƙasa a wancan lokacin. Dillali zai zaunar da magidanci ya sa hannu a kan bashin shekara 30, wani lokaci ba tare da an nemi takardar albashinsa ba. Kuɗin ruwan shekara biyu na farko kaɗan ne, a ta uku kuwa sai ya yi tsalle. Dillalin ya karɓi la'adarsa, kamfanin ya sayar da bashin ga masu zuba jari, babu wanda ya damu da ranar biya. Abin yana ci mini rai idan na ji an bar waɗannan an ɗora wa magidancin laifi.

Laifin gwamnati na gaskiya yana wani wuri. Babban Bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1 cikin ɗari a 2003, kuma a lokacin yana da ikon hana irin wannan rance amma ya yi sakaci. Sannan ga Fannie Mae da Freddie Mac, kamfanonin da suke sayen basussukan gidaje daga bankuna, waɗanda kowa ya ɗauka cewa gwamnati ba za ta bari su faɗi ba, shi ya sa suka samu bashi da araha, suka ɗauki kasada da ɗan ƙaramin jari. Haka kuwa aka yi: a watan Satumba na 2008 gwamnati ta karɓe su, daga baya ta zuba musu fiye da dala biliyan 180.

Kwamitin binciken da Majalisar Dokoki ta kafa ya fitar da rahotonsa a 2011, inda mafi rinjayen mambobinsa suka ce kamfanonin biyu sun ƙara wa wutar fetur amma ba su ne suka kunna ta ba. Mamba guda, Peter Wallison, ya tsaya a kan cewa manufar gidaje ta gwamnati ce tushen komai. Ni dai na fi gamsuwa da masu rinjaye, domin farashin gidaje ya kumbura ya fashe a Sifaniya da Ayilan a daidai wannan lokaci, alhali ba su da dokar 1977, ba su da Fannie Mae.