Amsa-kuwwa da ihu bayan hari

Wani tsohon ɗalibina, yanzu mushe ne a wata lakwal can Keita, ya rubuto min wai yaran ajinshi sun tsare shi da tambaya: mi ya sa ake cewa amsa-kuwwa alhali ba kowa ke amsawa ba, kuma mi ya raba sauti da amo da ƙara?

To ɗana, ta biyun ba ta da wuya. Sauti aro ne daga Larabci, ya haɗa duk abin da kunne ka iya ji. Amo na ganga ne da tasa da ƙarfe, abin da ka buga ya ci gaba da rawa a kunne. Ƙara kuwa ita ce mai damun mutum, irin ta kabu-kabun da salansarshi ta fashe.

Amsa-kuwwa ita ce mai daɗin magana. Kuwwa dai ihu ce, mu nan Tawa ita muka fi faɗi. Bahaushe ya tsaya gindin dutsi ya ƙwala kira sai ya ji an maido mishi, sai ya ce dutsi ya amsa, kuma wallahi bai yi nisa da gaskiya ba. Murya girgiza ce da ke bin iska, tana matsa ta tana saki kamar yadda ruwan tabki ke yin zobe-zobe in ka jefa tsakuwa, in ta ci karo da abu mai tauri sai ta juyo. Tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda, da zafin rani ma ta ɗan fi haka. Kunne ba ya raba kira da amsarshi sai in akwai kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a tsakani, ke nan sai dutsin ko ginin ya kai wajen mita 17 daga inda kake. Shi ya sa a ɗakinka ba ka jin amsa, sai dai muryar ta yi kauri in ɗakin ba kaya. Ku da Allah Ya ba duwatsun Adar, kai yaran waje su gwada mana, ya fi musu allo.

Sai wata baiwar Allah daga Yamai da ke son fassarar "ihu bayan hari". Hajiya, ma'anar a fili take, mahara sun kwashe dukiya sun tafi sannan aka tashi kururuwa, wato ɗaukar mataki bayan abu ya riga ya ɓaci. Amma ni duk damina sai karin maganar nan ta faɗo min in ana tsawa. Walƙiya da tsawa lokaci guda suke tashi, sai dai haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, sauti kuwa na biye yana jan ƙafa. In kin ga walƙiya ki fara ƙirga, kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ke nan tsakaninki da inda aradun ta faɗi. Yara na toshe kunne suna shigewa ƙarƙashin gado in sun ji rugugin, alhali wannan aradun ta riga ta sauka tun tuni. Wadda za ta biyo baya ce abin tsoro, don haka in ƙirgarki na raguwa, daga 15 zuwa 9 zuwa 6, hadarin na matsowa ne, ki kira su su bar gindin iccen nan su shigo ɗaki.