Kalmar "insular": tsibiri ce ko sukar mutane?

Ƙanwata, kin ce malaminku na Turanci a Jidda ya kira mutanen wata unguwa "insular", kin duba ƙamus kin ga tsibiri, alhali unguwar ko kududdufi babu. Ƙamus bai yi ƙarya ba, malamin ma haka.

Tushenta Latin ne, "insula", wato tsibiri. A darasin labarin ƙasa, in ana maganar irin tsibiran Farasan na Bahar Maliya kusa da Jazan, ma'anarta ke nan, ba yabo ba suka. Daga nan "peninsula" ta fito, ƙasar da ruwa ya kusa kewayewa, irin wannan ta Larabawa da muke zaune a kai. Har insulin na masu ciwon suga danginsu ne.

In aka jingina ta ga mutane kuwa, akwai ƙaiƙayi. Ana nufin sun rufe ƙofa, ba ruwansu da bare ko ra'ayinsa, kifin rijiya dai. Kada ki laƙaba ta ga mai kunya, ko wanda aka ware. Shi wanda aka ware "isolated" ne. Na taɓa ganin ɗalibi ya rubuta ta yana yabon zumuncin danginsa, maki ya tafi. In na jarrabawa ne, nuna wa malamin jimlar tukuna.